Yadda Ake Kafa Ajin Ƙera Wasannin Kwamfuta a Makarantar Unguwa a Legas

Wannan bayani na malamai ne da shugabannin makarantun unguwa, na boko ko Islamiyya mai haɗawa da darussan zamani, irin waɗanda ke Agege, Idi-Araba, Mile 12, Obalende da Alaba Rago. Abin da ake nema a ajin shi ne yaro ya ƙera wasa da hannunsa. Zaunar da yara su yi ta danna wasan da wani ya riga ya ƙera ba ya kai su ko'ina, ko da an ce musu wasan na ilimi ne. Wanda ya ƙera nasa kuwa dole ya yi karo da lambobin da ke ƙasa da sifili, da lissafin sauri da nisa, da neman inda kuskure ya ɓuya, kuma zai yi haka ba tare da an kora shi ba, don yana son wasansa ya tashi.

A fara da 'yan aji biyar na firamare zuwa JSS 2. Dalili shi ne bayan jarrabawar JSS 3 ake raba yara zuwa ajin kimiyya, na kasuwanci da na adabi. Yaron da ya kai wannan gaɓar yana tsoron lissafi, da wuya ya zaɓi kimiyya, kuma da wuya a zaɓe shi.

Kayan aiki, don yara goma sha biyu

- Laftof shida, ɗaya ga yara biyu. Tokumbo sun isa, muddin suna da Windows 10 ko sama da haka da RAM na 4GB.
- Linzamin kwamfuta mai waya guda shida. Yara ba sa iya jan tubalan umarni, waɗanda ake harhaɗawa a ƙera wasa, da kyau a kan ɗan faifan taɓawa na laftof.
- Ekstenshan biyu masu kariya daga hauhawar wuta, da filash ɗaya na malami shi kaɗai.
- Manhajar Scratch wadda ake sakawa a kwamfuta ta yi aiki ba intanet. Kyauta ce. Rukunin Mitchel Resnick a jami'ar MIT ta Amurka ne suka fitar da ita a 2007, don yara 'yan shekara 8 zuwa 16.
- Alli, kwali, maka, almakashi, littafi mai layin murabba'i ga kowane yaro, da marafan kwalba guda 24 masu launi biyu.
- In da hali: micro:bit (ɗan allon lantarki da ake ba umarni) biyu ko uku da batiran AAA.

Wajen saye a Computer Village da ke Ikeja, batir ne abin dubawa kafin komai, domin shi ke riƙe darasi in an ɗauke wuta. Ka buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport, sai kwamfutar ta fitar da rahoto mai nuna ƙarfin batirin na asali da abin da yake iya ɗauka yanzu. In na yanzu bai kai rabin na asali ba, a sauya maka batir ko ka bar ta. Ka danna kowane maɓalli, musamman kibiyoyi huɗu da dogon maɓallin tazara. Ka tafi da Scratch a filash ɗinka ka saka ta nan take a gaban mai shago: wasu tsofaffin kwamfutoci ba sa iya buɗe Scratch 3, kuma gara ka gano haka a Ikeja da ka gano a gaban yara.

In ba a samu laftof shida ba, uku ma suna yi: rabin aji a kwamfuta, rabi suna zana tsarin wasansu a takarda, a yi musanya bayan minti 30. In babu ko ɗaya sai wayoyi, akwai OctoStudio, wadda rukunin da ya yi Scratch ya fitar a 2023, da kuma Pocket Code. Duka biyun suna aiki a wayar Android.

Mataki na 1: Yardar iyaye da tsayar da lokaci

Kalmar wasa ce za ta fara ba ka wahala. Uban da ya fito kasuwa tun asuba yana biyan kuɗin makaranta ba zai ji daɗi a ce ɗansa zai tsaya bayan tashi don wasa ba. Kada ka tsaya dogon bayani. Ka tara iyaye na minti 20, ka kunna musu ƙaramin wasa, sannan ka buɗe cikinsa ka sauya lamba ɗaya su ga saurin ya canja. Ka ce, "Alhaji, wannan lambar ita ɗanka zai koyi lissafawa." Ka sa limamin unguwa ko wani dattijo da ake jin maganarsa a zaman.

Wasu gidaje ba sa son zanen mai rai ko kiɗa. Ba sai an yi jayayya ba: wasannin da ke ƙasa na kwando ne da tumatir da mota, kuma ana iya kashe sauti gaba ɗaya.

Lokaci: sau ɗaya a mako, minti 90, na mako goma sha biyu. Ka duba jadawalin Islamiyyar yaran kafin ka yanke rana, don in ajin ya ci karo da hadda, hadda ce za ta yi nasara, kuma daidai ne. A tashi da sauran rana sosai yadda kowa zai isa gida kafin magariba ko da an yi goslo. Ka ware rabin gurabe ga 'yan mata tun wajen rubuta suna, kuma a samu malama a ɗakin kowane zama. In aka bar abin ga wanda ya riga zuwa, maza ne za su cike ajin a rana ɗaya.

Mataki na 2: Shirya kwamfutoci

Ka saka Scratch a dukkansu, ka buɗe wa kowane rukuni jaka da sunansu, ka goge wasannin da suka zo da kwamfutar, ka manna lamba 1 zuwa 6 a jikin laftof da cajarsa. A yi cajin duka daren da ya gabaci darasi. Cajar laftof takan ja wat 45 zuwa 65, wato shida ba su wuce wat 400 ba, ƙaramin janareta zai ɗauka in ba a haɗa masa wani abu mai nauyi ba. Janaretan ya zauna a waje, nesa da taga. Hayaƙinsa yana kisa a rufaffen wuri. Da damina kada a ajiye laftof a ƙasa ko jikin bango mai danshi. Akwatin roba mai murfi a saman kabad ya fi.

Filash ɗin yara kada ya shiga kwamfutocin. Ta nan ƙwayar cutar kwamfuta da ke ɓoye fayiloli take yaɗuwa, kuma aikin mako shida kan tafi a yini ɗaya.

Mataki na 3: Mako biyu na farko, babu kwamfuta

Yara za su yi gunaguni. Ka daure.

A mako na farko ka zana gidaje shida a tsaye, shida a kwance a ƙasa da alli, kowane gida ya ɗauki ƙafafun yaro. Ka ajiye murfin kwalba a wani gida, ka sa jakunkuna biyu ko uku a hanya su zama shinge. Yaro ɗaya shi ne na'ura: ba ya tunani, abin da aka rubuta kawai yake bi. Sauran su rubuta umarni a kwali da kalmomi uku kacal, gaba, juya dama, juya hagu, su jera su duka kafin na'ura ta motsa. Kuskuren da kowane rukuni ke yi shi ne ɗaukar "juya dama" a matsayin taku zuwa dama, alhali juyawa ce a tsaye wuri ɗaya. In na'ura ta afka wa jaka, kada ka gyara musu. Su bi katunan ɗaya bayan ɗaya har su kama wanda ya ɓata tafiyar. Da sun gaji da rubuta "gaba" sau biyar, ka ba su katin "maimaita sau 5". Sun koyi madauki ke nan tun ba su taɓa linzami ba.

A mako na biyu ka yanka kati biyar masu ɗigo 16, 8, 4, 2 da 1. Yara biyar su riƙe su a jere. Katin da ke fuskantar aji 1 ne, wanda aka juya baya 0 ne. Ka kira 13: sai 8 da 4 da 1 su fuskanci aji, a rubuta 01101 a allo. Su nemo babbar lambar da katunan za su iya bayarwa, wato 31, sannan ka tambaya ɗigo nawa kati na shida zai ɗauka. Ragowar lokacin a buga dara da marafan kwalba, gidaje biyar sau shida, kowa da 'ya'ya goma sha biyu, amma da sharaɗi: kowane rukuni ya rubuta dokokin dara a jimloli masu farawa da "idan". Idan uku sun jeru, a cire ɗan abokin karawa ɗaya. Za su yi gardama a kan dokar da kowa ya sani amma ba wanda ya taɓa faɗinta a fili, kuma gardamar ce darasin.

Mataki na 4: Zama bibbiyu

Kowace kwamfuta da direba da kwandasta, kamar danfo. Direba ne ke riƙe da linzami, kwandasta na riƙe da littafi yana faɗin tubalin da za a ɗauko, hannunsa ba ya taɓa kwamfuta. Duk minti goma ka buga tebur a yi musanya, ko da ana tsakiyar aiki. Kada ka haɗa yaron da ke da kwamfuta a gida da wanda bai taɓa riƙe linzami ba. Na farkon zai ƙwace komai, na biyun ya koma ɗan kallo har ƙarshen zango. Masu ƙarfi ɗaya su zauna tare. Kai ma malam, in an kira ka, hannunka a bayanka: ka tambaya, ka nuna da baki, kada ka karɓi linzami.

Mataki na 5: Wasan farko, kwando da tumatir (mako na 3 zuwa na 6)

Akwai Hausa a jerin harsunan Scratch, a ƙarƙashin alamar duniya da ke sama, kuma ana iya komawa can a kowane lokaci. A nan an kawo sunayen tubalan kamar yadda suke fitowa da Turanci, tun da haka yawancin kwamfutoci ke buɗewa.

Filin wasan Scratch faɗinsa 480 ne, tsayinsa 360. Tsakiya ita ce sifili. Daga hagu zuwa dama, x na tashi daga -240 zuwa 240. Daga ƙasa zuwa sama, y na tashi daga -180 zuwa 180. Kafin komai su zana wannan a littafinsu, su ja abu a filin suna kallon yadda lambobin ke sauyawa.

A goge kyanwar da ke zuwa da manhajar, a zana abubuwa biyu: kwando da tumatir. Wajen zane akwai 'yar alamar tsakiya a allon zanen. Zanen ya hau kanta daidai. In ya kauce, lambobin x da y ba za su dace da inda ido ke ganin abin ba, kuma yara za su sha wahalar da ba su san tushenta ba. Ka ba zane minti 15 kawai, in ba haka ba a nan darasi zai ƙare.

Umarnin kwando: a fara da when green flag clicked, sai go to x: 0 y: -150, sai forever, wato madaukin da ba ya tsayawa. A cikin forever a sa if guda biyu: in an danna kibiyar dama, change x by 10, in an danna ta hagu, change x by -10.

Umarnin tumatir ya fi tsawo. A ƙirƙiri ma'ajiyar lamba uku a sashen Variables: maki, rai da sauri, kowace a zaɓa mata For all sprites. Bayan tutar kore a sa maki ya zama 0, rai ya zama 3, sauri ya zama -5. Sai go to, inda x zai zama pick random -220 to 220, y kuma 170. A cikin forever: change y by sauri. Idan tumatir ya taɓa kwando, a ƙara maki da 1 a mayar da shi sama. Idan y ɗinsa ya gaza -170, a rage rai da 1 a mayar da shi sama. Idan rai ya zama 0, stop all.

Ga inda ake tuntuɓe, kuma kusan kowane rukuni zai faɗa aƙalla biyu daga ciki:

Kwando ya ƙi motsi. An sa if a waje, ba a cikin forever ba, don haka kwamfuta ta duba maɓallin sau ɗaya a farko ta wuce.

Maki na ta hawa ba tsayawa, 40, 90, 200. An manta mayar da tumatir sama bayan taɓawa, yana zaune cikin kwando ana ta ƙirga shi.

Tumatir ya maƙale a ƙasa, rai bai ragu ba. An rubuta -180 maimakon -170. Scratch ba ta barin abu ya fice daga fili gaba ɗaya, saboda haka ƙaramin zane yakan tsaya a bakin iyaka ba tare da ya gaza -180 ba, sharaɗin kuma ba ya taɓa cika.

Wasa ya mutu da an danna tuta. Ba a mayar da rai zuwa 3 a farko ba, yana nan a sifilin da ya tsaya jiya.

Tumatir na tashi sama maimakon faɗowa. An manta ba a sa alamar ragi a lambar sauri ba. Wannan kuskure ne mai albarka. Ka tsayar da aji duka su gani, domin babu bayanin allo da ke koyar da lambar ƙasa da sifili kamar wannan.

Manhajar da ke kan kwamfuta ba ta adana aiki da kanta. Duk musanyar direba, a shiga File a danna Save to your computer. A ƙarshen zama ka kwafe fayilolin .sb3 duka zuwa filash ɗinka.

Mataki na 6: Fito da lissafin fili (mako na 7 da na 8)

In aka tsallake wannan, ajin ya zama nishaɗi kawai. Scratch na zagaya madaukin motsi kusan sau 30 a daƙiƙa. Tumatir na faɗowa daga 170 zuwa -170, nisan 340 ke nan. A taku biyar-biyar zai yi zagaye 68, wato daƙiƙa biyu da ɗan ɗori. Su fara lissafawa a littafi, sannan su cire kwando daga hanya su auna da agogon waya. Sai su yi hasashen abin da zai faru in sauri ya koma -10, su rubuta hasashen kafin su gwada. A zana tebur: sauri, hasashe, abin da aka auna. Tsohuwar kwamfuta mai nauyi takan ba da lokaci mafi tsawo. Ka bar su su yi muhawarar dalili.

Daga nan ka saki murfin kwalba daga sama ka tambaye su ko da sauri ɗaya yake faɗowa tun daga sama har ƙasa. A wasan, su sa sauri ya fara daga 0, su ƙara change sauri by -0.5 a cikin forever, su kuma mayar da shi 0 duk lokacin da tumatir ya koma sama. Yanzu yana ƙara gudu yana faɗowa, kamar abin gaske. Wannan shi ne abin da za su tarar a fiziks na babbar sakandare, kuma za su tarar da shi a matsayin abin da suka taɓa ginawa. Ka gaya wa malamin lissafinsu abin da kuka yi, ya ambace shi a nasa darasin.

Mataki na 7: Nasu wasan (mako na 9 zuwa na 11)

Kowane rukuni ya zana wasansa a shafi ɗaya: me ɗan wasa ke yi, ta yaya ake cin maki, ta yaya ake faɗuwa. Ba a kunna kwamfuta sai ka sa hannu a shafin. Za su zo da manyan buri, ƙwallon ƙafa mai 'yan wasa 22 da makamantansu. Ka rage: abubuwa uku a fili, doka uku. Mota mai kauce wa ramuka, kacici-kacicin jadawalin sau, raba shara zuwa roba da gwangwani, duk suna ƙaruwa a mako uku.

In akwai micro:bit, a nan za ta shigo. Ɗan allo ne mai fitilu 25, maɓallan A da B, da na'urar jin motsi. A shafin MakeCode na Microsoft ana haɗa mata umarni da tubala irin na Scratch, kuma shafin na da hoton na'urar da ke gwada umarnin, don haka rukunin da ba su riƙe da ita ba ma suna aiki. Wasan saurin hannu ya isa: fitila ta kama bayan jira na ba-zata, wanda ya riga danna maɓallinsa ya ci. In babu micro:bit, ka sauke gwajin haɗa da'irar lantarki na PhET, na jami'ar Colorado, wanda ke buɗewa ba intanet, ka sa gasar wanda zai kunna ƙwan fitila biyu yadda in an cire ɗaya ɗayan ba zai mutu ba.

Mataki na 8: Baje koli da nuna hanya (mako na 12)

Iyaye su zo, su buga wasannin, amma kowane yaro, ba rukuni ba, ya buɗe umarninsa ya bayyana kuskure ɗaya da ya kama da yadda ya gyara shi. Ta haka kake gane wanda ya koya da wanda ya raka. Kada a ba da kyautar wasa mafi kyau ita kaɗai. A ba wanda littafinsa ya fi cika da hasashe da gwaji.

Ka gayyato mutum biyu ko uku masu cin abinci da wannan ilimi, aƙalla ɗaya mace: mai gyaran waya, mai haɗa sola, ma'aikaciyar ɗakin gwaje-gwaje na asibiti, mai rubuta manhaja. In Bahaushe ne ko Bahaushiya da ta tashi a unguwar, ya fi tasiri nesa ba kusa ba. Kowa minti biyar: me ya karanta, a ina, me yake yi da safe in ya isa wurin aiki.

Sannan ka raba wa iyaye takarda ɗaya da Hausa mai nuna hanyoyin da ke gaban yaro a Legas. Ta jami'a, kamar UNILAG a Akoka ko LASU a Ojo, tana bi ta ajin kimiyya da kiredit biyar, ciki har da Turanci, lissafi da fiziks ga mai son injiniya ko kimiyyar kwamfuta. A duba littafin JAMB na shekarar don sauran darussan. Akwai Yabatech, kwalejin fasaha da ke Yaba, ga mai son difloma. Akwai kwalejojin fasaha na gwamnatin jiha a Agidingbi, Ikotun, Ikorodu, Ado-Soba da Epe, masu ɗaukar yara bayan JSS 3, inda ake koyon aikin lantarki da makamantansa a zana jarrabawar NABTEB. A ƙasan takardar ka rubuta sunan yaron da makinsa na lissafi na zangon da ya wuce, ka bar gurbin na zango mai zuwa.

Cikin waɗanda suka gama, ka zaɓi huɗu, mata biyu maza biyu, su zama mataimaka a zango na gaba. Su ne za su zagaya suna amsa kira, da sharaɗin nan na hannu a baya, kai kuma ka samu damar ɗaukar sababbin yara goma sha biyu da laftof shidan nan dai.